Yadda za ka bi sawun kuɗin kamun ƙafar FedEx a Majalisar Amurka daga nan Yamai

Manyan kamfanonin jigilar kaya irin su FedEx da UPS suna da ma'aikata a birnin Washintan waɗanda ba su taɓa ɗaga koli ko ɗaya ba. Aikinsu shiga da fita ofisoshin ƴan majalisa da na hukumomin gwamnati, suna neman a rubuta doka yadda za ta dace da kamfanin, ko a danne wadda za ta taɓa masa aljihu. Dokar Amurka ba ta hana wannan kamun ƙafa ba. Sharaɗin da ta gindaya shi ne duk wata uku a fito fili a rubuta nawa aka kashe, a kan wace magana, su wa aka aika, kuma wace hukuma suka je. Takardun suna nan a intanet, kyauta, babu mai tambayarka katin ɗan ƙasa, kuma wayar da ke hannunka ta isa ka karanta su.

Ni sana'ata fitar da kaya daga duwan, galibi kayan jirgin sama a filin Diori Hamani, kuma ina taimaka wa wasu maƙeran azurfa da dukawa na Wadata wajen takardun abin da suke aikawa waje. Ba sha'awar siyasar Amurka ce ta kai ni ga waɗannan takardu ba. Farashin aika koli ne ya kai ni, da harajin da ake cajin mai saye a can, waɗanda ke sauyawa ba tare da kowa ya shawarce mu ba, alhali kuwa sau da yawa akwai doka a bayan sauyin, a bayan dokar kuma akwai mutanen da aka biya su tsaya a kanta. Abin da zan shimfiɗa zai amfani ɗan jarida, da ɗalibin jami'ar Abdou Moumouni mai rubuta kundin kammala karatu, da duk ɗan kasuwar da ya gaji da jin "ai haka Turawa suka ce".

Takardu uku da wurin samun su

An yi dokar bayyana kamun ƙafa a 1995, zamanin Bill Clinton. A 2007 aka ƙara ɗaure ta bayan abin kunyar Jack Abramoff, wani shahararren mai kamun ƙafa da ya amsa laifin zamba da haɗa baki wajen ba jami'an gwamnati cin hanci a 2006, ya tafi gidan kaso. Daga wannan gyara ne rahoton ya koma duk wata uku. Saboda haka idan ka koma shekarun kafin 2008 ka tarar da rahoto biyu kacal a shekara, ba ɓata sauran suka yi ba, haka tsarin yake a lokacin.

Takarda ta farko ita ce LD-1, rajista ce, ana cika ta cikin kwana 45 da fara aikin. Ta biyu LD-2, ita ce rahoton wata uku-uku, kuma a kanta aikinka zai ta'allaƙa. Wa'adin miƙa ta 20 ga Afrilu, 20 ga Yuli, 20 ga Oktoba da 20 ga Janairu. Ta uku LD-203, tana fitowa sau biyu a shekara, ƙarshen Yuli da ƙarshen Janairu, tana nuna gudummawar da masu kamun ƙafar suka bai wa ƴan siyasa.

Asalin takardun suna rumbun Majalisar Dattawan Amurka, a lda.gov (tsohon adireshinsa lda.senate.gov). Akwai kuma OpenSecrets, wata ƙungiya mai zaman kanta da ke kwashe bayanan tana jera su shekara-shekara tun daga 1998. Shawarata ka fara da OpenSecrets don ka ga tudu da gangaren kuɗin a tsawon shekaru, sannan ka koma rumbun majalisa ka ga takardar da idonka. Duk abin da za ka faɗa a rediyo ko ka rubuta, ya kasance daga takardar asali ka ɗauko shi.

Wajen neman suna a yi haƙuri. Ka rubuta FedEx, ka sake rubuta Federal Express, domin wasu ofisoshin da kamfanin ya ɗauka haya da tsohon sunan suke rubuta shi. UPS ma ka neme shi da cikakken sunansa, United Parcel Service. A gurbin abokin hulɗa za ka sa sunan, ba a gurbin mai rajista kaɗai ba, in ba haka ba rahoton kamfanin kansa kawai zai fito, na ƴan hayar su ɓuya maka. Shafukan da Turancin Ingilishi suke. Fassarar waya tana taimakawa wajen gane inda aka dosa, amma kada ka bar ta ta taɓa sunan ƙudurin doka ko lamba. Mu da muka yi lakwal da Faransanci kuma sai mun kula da abu biyu: waƙafi a cikin lambar Amurkawa dubbai yake rabawa, wato 250,000 dubu ɗari biyu da hamsin ne cif, sannan wata suke fara rubutawa kafin rana, 4/7 a wurinsu 7 ga Afrilu ne. Idan rezo ya yi kyau ka sauke takardun gaba ɗaya cikin waya, ka karanta a natse daga baya.

Karatun LD-2

Takardar gajera ce, layukanta suna da lamba. A shafin farko idonka zai faɗa kan kuɗi. Layi na 12 na ofisoshin haya ne, suna rubuta abin da kamfanin ya biya su. Layi na 13 na kamfanin kansa ne, yana rubuta duk abin da ya kashe. Ana daidaita adadin zuwa dubu goma mafi kusa, abin da bai kai dalar Amurka 5,000 ba kuwa alama kawai ake sa masa.

Nan ne tarkon farko. Adadin da kamfanin ya rubuta a layi na 13 ya riga ya haɗa da abin da ya biya ƴan hayar. Wanda ya tara na kamfani ya kuma ɗora na ofisoshin haya a kai ya ƙidaya kuɗi ɗaya sau biyu. Ka tara rahotanni huɗu na kamfanin kansa, su ne jimillar shekara. Na ƴan hayar amfaninsu daban ne, su ke nuna maka wa aka ɗauka, kuma don wane aiki. Ka kula da rahoton gyara ma, domin kamfani yakan sake miƙa na zango ɗaya, wato wata uku, da sabon adadi, na ƙarshen shi ne abin riƙo.

Tarko na biyu yana layi na 14, wanda yawanci ake tsallakewa. A nan kamfani ke faɗin hanyar lissafin da ya bi. Hanyar A tana ƙidaya kamun ƙafar gwamnatin tarayya ne bisa ma'anar wannan doka. Hanyar C kuwa ma'anar dokar haraji take bi, wadda ke shigo da abin da aka kashe a majalisun jihohi da kuma kuɗin zuga jama'a su matsa wa wakilansu. Kamfani biyu za su iya yin aiki iri ɗaya, adadinsu ya sha bamban saboda wannan alama ɗaya. Kafin ka ce FedEx ya fi UPS kashewa ko UPS ya fi FedEx, duba layi na 14 na kowanne.

Daga shafi na biyu ne naman yake. Layi na 15 haruffa uku ne masu nuna fannin: AVI sufurin sama, TAX haraji, TRD cinikayya da ƙasashen waje, LBR ƙwadago, POS gidan waya, TRU manyan motoci, MAR harkar teku. Layi na 16 shi ne takamaiman maganar, sau da yawa da lambar ƙudurin doka. Layi na 17 ya lissafa inda aka je, majalisun biyu ko ma'aikatar sufuri ko fadar shugaban ƙasa. Layi na 18 sunayen waɗanda aka aika. Na 19 kuma yana faɗa idan wata ƙasa ko wani kamfanin waje yana da hannu a maganar.

Ga abin da nake so ka riƙe: adadin kuɗin ba shi ne labarin ba. Alama ce kawai da ke cewa tsaya nan ka tona. Labarin yana layi na 16, kuma sau da yawa ƴan kalmomi ne a cikin doka mai ɗaruruwan shafi. Idan ka ga shekarar da kuɗin ya yi tsalle, ka buɗe rahotanninta huɗu, ka kwafe lambobin ƙudurorin da ke ta maimaituwa, ka kai su congress.gov. H.R. a gaban lamba na nufin Majalisar Wakilai, S. na nufin ta Dattawa. Lambobin suna sake farawa daga ɗaya duk shekara biyu, don haka lamba ba tare da shekara ba ba ta da amfani.

Gwaji da rikicin 2009 zuwa 2012

Idan ka jera shekarun FedEx za ka ga tudu ɗaya da ya fita daban: a 2010 kamfanin ya bayyana kashe sama da dalar Amurka miliyan 25. Buɗe takardun wannan lokaci, za ka yi ta cin karo da ƙudurin sabunta ikon hukumar kula da sufurin sama ta Amurka, FAA. Lambarsa a Majalisar Wakilai H.R. 915, ta amince da shi a watan Mayun 2009. Ƙuduri ne na kuɗin filayen jirgi da na'urorin kula da zirga-zirgar sama. To me ya zafafa kamfanin koli a ciki?

Sai ka koma asalin kamfanonin biyu. Fred Smith ya fara FedEx a matsayin kamfanin jirgin sama, ya soma aiki a birnin Memfis a watan Afrilun 1973 da ƙananan jirage 14. Saboda haka reshensa na saƙon gaggawa ya faɗa ƙarƙashin dokar ƙwadago ta ma'aikatan jirgin ƙasa, wadda aka yi a 1926 aka faɗaɗa ta zuwa jiragen sama a 1936. UPS kuwa tun 1907 a ƙasa ya taso, direbobinsa suna ƙarƙashin dokar ƙwadago ta gama-gari ta 1935. Bambancin ba ƙarami ba ne. A dokar 1935 ma'aikatan tasha ɗaya a gari ɗaya za su iya kafa sandika su kaɗai. A dokar 1926 sai an haɗa duk masu aiki iri ɗaya a faɗin ƙasar an yi zaɓe guda, kuma kafin a kai ga yajin aiki akwai doguwar hanyar sasantawa. UPS ya san zafin abin, domin a watan Agustan 1997 ma'aikatansa kusan 185,000 na sandikar Teamsters sun ajiye aiki sama da mako biyu. Direban FedEx da na UPS suna iya tsayawa a ƙofar gida ɗaya da koli iri ɗaya, amma dokar da ke kansu daban.

James Oberstar, ɗan majalisa daga jihar Minesota kuma shugaban kwamitin sufuri, ya saka wani ɗan sakin layi a cikin H.R. 915 wanda zai ɗauke direbobi da masu rarraba kolin FedEx daga dokar 1926 ya mai da su ƙarƙashin ta 1935. UPS da Teamsters, waɗanda suka saba kai ruwa rana da juna, suka haɗa kai suka goya masa baya. FedEx ya tayar da ƙayar baya. Ya buɗe gangamin talla yana cewa UPS ne ke neman gwamnati ta ceto shi daga gasa. Ya kuma bayyana cewa yarjejeniyarsa ta sayen ƙarin jiragen Boeing 777 tana da sharaɗin da zai ba shi damar fasawa idan dokar ta sauya, abin da ya jawo hankalin duk ɗan majalisar da mazaɓarsa ke cin abinci daga ƙera jirgi. Sanatocin jihar Tenesi biyu, Lamar Alexander da Bob Corker, waɗanda Memfis ke cikin jiharsu, suka tsaya kai da fata a Majalisar Dattawa. Ƙudurin ya maƙale, aka yi ta ƙara wa tsohuwar doka wa'adin ƴan watanni. A zaɓen Nuwamban 2010 Oberstar ya faɗi, jam'iyyarsa ta rasa rinjaye a Majalisar Wakilai. Dokar da Barack Obama ya sa wa hannu a Fabrairun 2012 ba ta ɗauke da sakin layin.

Wannan ma ba karon farko ba ne. A 1995, lokacin da aka rushe tsohuwar hukumar kula da sufuri tsakanin jihohi, kalmomin da suka ambaci kamfanonin saƙon gaggawa sun fice daga dokar 1926. A 1996 aka mai da su, a cikin ƙudurin FAA na wancan lokaci, duk da turjiyar Sanata Edward Kennedy.

Yanzu dubi abin da wannan misali ya koya maka game da aikin. Da ka tsaya a kan miliyan 25 ɗin, iyakar abin da za ka ce shi ne kamfanin ya kashe kuɗi da yawa. Da ka bi layi na 16 sai ga ainihin maganar, wato wa zai iya kafa sandika, kuma a ina. Sannan dole ka buɗe takardun ɗaya ɓangaren, na UPS da na Teamsters, domin su ma kamun ƙafa suke, su ma sun rubuta. Kuma ka yi hattara da cewa kuɗin ne ya sayi sakamakon. Kuɗi ya yi aiki, amma sanatocin Tenesi suna da dubban masu zaɓe da ke karɓar albashi a Memfis, zaɓen 2010 kuma ba a kan koli aka yi shi ba. Abin da takarda ta tabbatar shi ne an kashe kaza, a kan ƙuduri kaza, sakin layin kuma bai tsira ba. Ka faɗi waɗannan ukun a jere ka bar mai sauraro ya haɗa.

Ba kullum ake cin nasara ba. FedEx da UPS, a wannan karon ɓangare ɗaya, sun daɗe suna neman a ƙyale mota ɗaya ta ja tirela biyu masu tsawon ƙafa 33 kowacce maimakon ƙafa 28, wato kusan mita 10 maimakon mita 8 da rabi. A 2015 maganar ta shiga ƙudurin kasafin sufuri, amma aka cire ta kafin ya zama doka, domin masu fafutukar kiyaye haɗarin hanya da wasu kamfanonin manyan motoci sun ƙi. Wanda ya yi tafiya a hanyar Dosso bayan kamiyo mai ɗauke da kwantena zai gane dalilin gardamar ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Wani lokacin kuma nasarar tana da girman da ba ta ɓoyuwa. Kafin 1977 doka ta taƙaita nauyin da irin jiragen FedEx za su ɗauka ga fam 7,500, ƙasa da tan uku da rabi. Smith da kansa ya yi ta zarya a majalisa har aka sake wa sufurin kaya ta sama mara a 1977, daga nan kamfanin ya sayi manyan jirage. Shekara arba'in bayan haka ya kasance cikin masu ƙarfin murya wajen neman rage harajin kamfanoni, dokar Disamban 2017 ta sauke shi daga kashi 35 zuwa 21 cikin ɗari. A Nuwamban 2019 jaridar New York Times ta ruwaito cewa harajin kamfanin ya sauko daga sama da dalar Amurka miliyar ɗaya da rabi a shekarar kuɗi ta 2017 zuwa sifili a ta 2018. Smith ya musanta yadda aka gabatar da labarin, har ya ƙalubalanci mai jaridar su yi muhawara a bainar jama'a. Idan za ka kawo wannan, ka kawo musun tare da shi. Ka kuma tuna shekarar kuɗin FedEx a lokacin 31 ga Mayu take ƙarewa, rahoton kamun ƙafa kuwa daga Janairu zuwa Disamba yake tafiya, kada ka ɗora su kai tsaye.

Abin da takardar ba ta nunawa

Ba ta faɗin sunan ɗan majalisar da aka gani, majalisar kawai take ambata. Ba ta raba kuɗin a kan kowace magana, adadi ɗaya ne ya lulluɓe duka. Sau da yawa ba ta faɗin ko kamfanin goyon baya yake ko adawa, sai ka nemo wannan a jawabin da wakilansa suka yi gaban kwamiti ko a sanarwarsu.

Babban giɓin shi ne wa doka ke kira mai kamun ƙafa. Sai mutum ya tuntuɓi jami'ai fiye da sau ɗaya, kuma aikin ya ci aƙalla kashi 20 cikin ɗari na lokacin da yake bai wa wannan abokin hulɗa a wata uku. Shugaban kamfani da ya ɗaga waya ya kira sanata bai kai wannan ba. Tsohon ɗan majalisar da ke zaune a ofis yana faɗa wa yara wa za su gani, ba tare da ya fita da kansa ba, shi ma sunansa ba ya fitowa. Saboda haka sama da dalar Amurka miliyar 4 da ake bayyanawa a shekara a ƴan shekarun nan, na dukan kamfanoni da ƙungiyoyi, abin da ya hau takarda ne kawai.

Akwai kuma ƙungiyoyin haɗin gwiwa. DHL da FedEx da UPS suna da tasu, Express Association of America, manyan kamfanonin jiragen ruwa suna da World Shipping Council. Ka neme su da sunansu, domin abin da kamfani ba ya so a ji daga bakinsa, ta bakin ƙungiya yake faɗa.

Gudummawar zaɓe hanya ce daban, rumbunta ma daban, a fec.gov. Tun 1907 doka ta hana kamfani ya ɗauki kuɗi daga asusunsa ya bai wa ɗan takarar tarayya. Abin da ake yi shi ne a kafa asusun siyasa da ake kira PAC, manyan ma'aikata da masu hannun jari su zuba, shi kuma ya ba ɗan takara har dalar Amurka 5,000 a kowane zaɓe. Kada ka haɗa wannan da kuɗin kamun ƙafa ka kira su abu ɗaya. Abin da ya fi amfani shi ne ka ɗauko jerin ƴan kwamitin sufuri da na haraji ka ɗora a kan jerin waɗanda asusun ya bai wa. Za ka ga ana bai wa jam'iyyun biyu, kujerar kwamiti ake bi fiye da tutar jam'iyya.

Sunayen da ke layi na 18 ma ka bi su. Doka ta tilasta a rubuta muƙamin gwamnati da mutum ya riƙe cikin shekara 20 da suka wuce a karon farko da aka ambace shi. Sanata sai ya yi shekara biyu da barin kujera kafin ya koma yi wa majalisa kamun ƙafa, ɗan Majalisar Wakilai shekara ɗaya. Idan ka ga tsohon ma'aikacin kwamitin da ke riƙe da ƙudurin ya bayyana a takardar kamfanin, ka san abin da aka saya shi ne sanin ƙofa da masu gadinta.

Inda abin ya taɓa mu

Maganar da ta fi shafar mutanen Wadata ita ce rangwamen ƙananan saƙonni. A 2016 Amurka ta ɗaga darajar kolin da zai shiga ba haraji daga dalarta 200 zuwa 800, kamfanonin saƙon gaggawa na cikin waɗanda suka nemi haka, domin kowane ƙaramin koli kuɗi ne a wurinsu. A ƙarƙashin wannan rangwame sarƙar azurfa ko jakar fata da aka yi a Tawa ko Agadas take isa hannun mai saye a wancan lokaci ba tare da ya biya duwan ba. Masu masaƙu da wasu masana'antun Amurka suka yi ta kamun ƙafa a soke shi saboda kwararar kayan Sin. An janye shi ga kayan Sin a watan Mayun 2025, sannan ga dukan ƙasashe daga 29 ga Agustan 2025. Ga shi kuma tun 1 ga Janairun 2024 an cire Nijar daga tsarin AGOA mai sauƙaƙa wa kayan Afirka shiga kasuwarsu. A rumbun majalisa akwai gurbin neman kalma a cikin layi na 16. Rubuta de minimis, sunan rangwamen ke nan a takardunsu, ka zaɓi shekara, za ka ga duk wanda ya sa baki, masu so da masu ƙi. Rubuta Niger ko AGOA ka ga wa ya ambace mu, amma ka tace, domin sakamakon kan cakuɗe da na Najeriya.

Mai shigo da kwantena ta Lome ko Kwatano kuwa, MAR zai nema. Dokar gyaran sufurin teku da aka sa wa hannu a Yunin 2022 ta ƙara wa hukumar kula da harkar teku ta Amurka iko a kan tarar jinkirin kwantena da kamfanonin jirage ke caji. Tashoshin Amurka ta shafa, ba namu ba, amma kamfanonin su ne dai Maersk da MSC da CMA CGM da muke gani a jikin kwantenoninmu, kuma hujjojin da suke kawowa can suna da amfani ga mai gardamar tara a nan. MSC ɗin ne ya sayi reshen Bolloré na Afirka a ƙarshen 2022, wanda yanzu ake kira AGL. Ga kamfanin Faransa irin CMA CGM, akwai rajistar masu kamun ƙafa ta HATVP, hukumar Faransa mai sa ido kan gaskiya a harkokin mulki, tun 2017, da Faransanci take, ta fi mana sauƙin karantawa, sai dai tsakanin kaza da kaza take bayar da kuɗin, ba adadi ɗaya ba. Tarayyar Turai ma tana da tata rajistar, can za ka nemi DHL, da yake kamfanin Jamus ne.

Wajen mai da kuɗin sefa, yi amfani da canjin shekarar da aka kashe su, ba na yau ba. Sefa a ɗaure take da yuro, yuro ɗaya sefa 655,957 a yadda muke rubutawa, dalar Amurka ce ke hawa da sauka. A 2010 tana wajen sefa 500, don haka miliyan 25 ɗin nan ya kama kusan miliyar 12 da rabi. A rediyo ka ce dalar Amurka a cike kowane lokaci, sannan ka biyo da sefa.

Ka ajiye littafi ɗaya mai ginshiƙai: shekara, zango, wanda ya miƙa, adadi, hanyar lissafi, lambar ƙuduri, da ranar da ka sauke takardar. Ranar tana da muhimmanci saboda rahoton gyara na iya shigowa bayanka ya sauya adadin. Idan labarin wannan zangon kake nema, jira kwana biyu ko uku bayan 20 ga wata kafin ka tara, domin ba a rasa masu jinkiri, OpenSecrets kuma sai bayan haka yake sabunta nasa jerin.